Ƙasar da Ruwa Ya Kai Ajiya

Ni na rubuta allon. Gara in faɗi wannan tun da fari, domin na sha zama cikin mutanen unguwarmu suna tsine wa waɗanda suka hana ɗibar ƙasa, ni kuwa ina gyaɗa kai kamar tare aka cuce mu. Da hannuna na tsara kalmomin a takarda, na kai wa mai fenti a bakin tasha, na tsaya a kansa har ya gama rubuta cewa an hana ɗibar ƙasa a wannan wuri. Har cewa na yi ya ƙara wa jan fentin kauri, don kada wani ya ce bai gani ba.

A bayan gidanmu a Haɗeja akwai wani babban kududdufi da ya girmi duk wanda na sani. Garinmu shimfiɗe yake kamar faifai, ruwa ba ya samun gangarar da zai bi ya wuce. Idan damina ta yi nisa kogi ma ya cika ya batse, ba shi da wurin karɓar baƙo. Saboda haka duk ruwan da ya sauko daga indararon unguwarmu, ya bi tsakar gida, ya fita ta wuriya, wato ƙofar ruwan da ake bari a gindin katanga, lungu yake bi ya ƙarasa cikin kududdufin nan. A can yake kwanciya har rani ya shanye shi.

Mahaifina magini ne, na ƙasa. Ubansa ma haka. Zauren gidanmu kakana ne ya ɗora harsashinsa, Baba ya ƙarasa shi yana saurayi, da bakan gizo huɗu, wato ginshiƙan da aka lanƙwasa su riƙe rufi, da suka haɗu a tsakiya, aka manna wata 'yar tasa mai shuɗin baki a mahaɗarsu. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, in ka shiga zauren nan sai ka ji kamar an yi maka fifita. A nan ake ɗaurin aure da raɗin suna na rabin layinmu. Baba ba mutum ne mai yabon kansa ba, amma idan baƙo ya shigo ya ɗaga kai, na sha ganin Baba ya sunkuyar da nasa kan yana murmushi.

Kowace shekara, idan rani ya kai ƙarshe, ruwan kududdufi ya ja, an kame tarwaɗa, an tone gaiwa, ƙasan ya tsattsage, sai bulama, mai unguwarmu, ya sa rana. Duk gidan da wuriyarsa ke zubo ruwa a wurin sai ya fito da jakinsa da mangala, wanda ba shi da jaki ya zo da kwando. Baba ne ke shiga gaba da wata doguwar gora da ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa. Ya soka nan, ya soka can, ya ce a nan a sauke kamu biyu, can kada a taɓa, gindin katangar wane ne. Baƙar laka ce mai danƙo. A kwaso ta, a jibge a ƙofar gida, a cuɗa da ramno, wato busasshiyar ciyawa, a bar ta ta ruɓa kwana da kwanaki, sannan a tattake a yaɓe katangu da rufin soraye kafin hadarin farko. Damina ta zo ta wanke rabin yaɓen ta mayar kududdufi, baɗi a sake zuwa a ɗebo.

Ba wanda ya taɓa kiran wannan aiki gyaran kududdufi. Ɗibar ƙasa muke cewa, kowa kuma katangarsa ce a ransa. Na tashi ina gani, na yi dakon kwandon da kaina har wuyana ya sage, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa ramin da ake zuba wa laka kowace damina bai taɓa cika ba.

Da na gama sakandare aka tura ni Kano na koyi zanen gine-gine da awon ƙasa. A can na koyi abubuwa masu amfani, na kuma koyi jin kunyar ubana. Idan abokan karatu suka tambaye ni sana'arsa sai in ce ɗan kwangila ne. Ina dawowa hutu, warin ruɓaɓɓiyar laka a ƙofar gidanmu ya riƙa sa ni toshe hanci, warin da na girma a cikinsa. Wajen ƙarshen shekarun tamanin na sami aiki a sashen ayyuka na wani ofis a garin, aka ba ni tebur da abin awo, na fara sa takalmi sau ciki. Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba ya yi mini magana kai tsaye a gaban mutane. Daga lokacin ya samo mini abin kira, Ma'aikaci. Da farko da fara'a yake faɗa.

Ba zan yi wa kududdufin ƙaryar kirki ba. A lokacin ya lalace. Leda ta shigo gari, gwangwanaye sun yi yawa, ruwan wanka da na wanke-wanke na gidajen da suka ƙaru duk can yake tafiya. Sauro kuwa ba a magana. A gefensa akwai wani tsohon fili da aka ce dā lambu ne, saura 'yan itatuwan maina, wato darbejiya, da karyayyun bencina da awaki ke kwana a kai. Da aka ƙirƙiro sabuwar jiha, kowane gari ya so ya yi kama da gari, sai aka yanke shawarar a gyara filin ya zama wurin shaƙatawa, a haɗa da kududdufin.

Injiniyan da aka ba aikin mutumin Filato ne, Kirista, siriri, mai yawan shiru. Ina jin haushin mutane da yawa a wannan labari, amma ban da shi. Kafin ya ja layi ɗaya a takarda sai da ya yi damina guda yana bin ruwa. Ana tsuga ruwa kowa na neman mafaka, shi kuwa ya naɗe wando ya shiga lungu yana kallon inda ruwan ke karkata, har matan unguwa suka fara tausaya wa iyalinsa. Wasu a ofis sun so a cike ramin a shuka ciyawa a huta. Shi ya tsaya kai da fata ya ce in aka cike shi, ruwan zai nemi wani ramin, kuma ɗakunan mutane zai samu. Abin da ya zana mai kyau ne. Lambatu uku za su kawo ruwan unguwa. A bakin kowanne a sa ragar ƙarfe ta tare leda da tarkace. Daga nan ruwan ya faɗa ƙaramin rami ya huce ya zubar da yashinsa, ya ratsa ta cikin ciyayi da tsakuwa su tace shi, sannan ya shiga babban kududdufin a wanke. A kewaye wurin da waya, a dasa itatuwa, a sa bencina da lilon yara. A ƙasan zanen ya rubuta, ya ja layi biyu, cewa dole kowane rani a kawo katafila ta kwashe lakar da ta taru.

Wata rana muna awo a bakin ramin ya tsaya yana duban zurfinsa. Ya ce abin na ba shi mamaki, rami mai shan lakar unguwa guda shekara da shekaru ya kamata a ce ya daɗe da cikewa. Ya juyo ya tambaye ni, tunda ni ɗan unguwar ne, wa yake yashe shi.

Na ce, "Ba kowa. Mutane dai kan zo su kwashi ƙasa, su ɓata bakin wurin."

Ga gidanmu nan ana hango zankayen zaurensa daga inda muke tsaye. Da na ce masa ga mutumin can, mu je ka tambaye shi, da labarin nan bai kai a rubuta ba. Amma ina sanye da takalmi sau ciki, ga leburori suna ji, ban so injiniya ya ga ubana da laka har gwiwa ba. Kuma da aka zo zaman tsara dokokin wurin, ni na kawo shawarar a hana ɗibar ƙasa, na ce jakuna za su tattake ciyawa su rushe gaɓar da aka gyara. Injiniya ya ce to, tunda katafila za ta riƙa zuwa. Aka yaba mini, aka ce yaron nan yana da hangen nesa.

Labari ya riga ni isa gida. Bayan sallar la'asar na tarar da Baba shi kaɗai a zaure yana gyaran igiyar mangala. Na durƙusa na gaishe shi, na fara zuba bayani, raga, tacewa, lafiyar jama'a, sauro. Ya bar ni na gama tas. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ma'aikaci, ƙasar da ke cikin ramin nan ba ta kowa ba ce sai tamu. Katangunmu ne ruwa ya kai mana ajiya. Mu je mu karɓo, shi kuma ya sami wurin kwana." Na ce ai inji zai yi a wuni ɗaya abin da unguwa ke yi a mako biyu. Ya tambaye ni ko injin yana da katangar da zai yaɓe. Na ce a'a. Ya ce to me zai tashe shi ya zo. Na yi dariya a raina, na ɗauka irin maganar tsofaffi ce da ba ta da kai.

Shekarar farko wurin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ruwan ya yi garau har ana ganin ƙananan kifaye, bado ya yi fure, warin ya tafi. Da yamma malaman makaranta da ma'aikata su zo da iyalansu, masu gyaɗa da rake su jeru a ƙofa, masu ɗaukar hoto suka mayar da wurin ofishinsu. Nakan zaga in riƙa jin mutane suna yabo, kaina ya yi girma. Ko Inna sai da ta saka mayafi ta je ta gani, ta dawo tana cewa kamar ba bayan gidanmu ba. Baba bai je ba.

Ya je ne a ƙarshen ranin, ranar da aka saba. Bulama bai sa rana ba, don an kai masa takarda, amma Baba ba ya bukatar a gaya masa lokaci. Ina ofis da hantsi aka aiko cewa maigadin wurin yana nemana. Na tarar da mutane sun taru a ƙofa, wasu da kwandunansu, suna jiran su ga yadda za ta kaya. Baba ya riga ya shiga ta inda waya ta yi sako-sako, ya cika mangala ɗaya, ya jawo jakin zuwa ƙofa, maigadi ya tare shi. Maigadin dattijo ne da ya san Baba tun suna samari, duk ya rasa inda zai sa kansa. Da ya gan ni sai ya saki ajiyar zuciya, ya ce ga mai wurin nan ya zo, duk abin da ya ce shi ke nan.

Kowa ya zuba mini ido. Na san abin da ke ransu, suna so su ga ko dokar ta talakawa ce kawai. Ni kuma a lokacin ba abin da nake tsoro kamar a je ofis a ce na hana kowa na bar ubana. Ban iya kallonsa ba. Na kalli maigadi na ce doka ba ta san gidan kowa ba.

Baba ma maigadin ya kalla, don ba zai yi mini magana a gaban jama'a ba. Ya ce, "Gaya wa Ma'aikaci na ji." Ya juya jakin, ya koma da shi har gindin ramin, ya kwance mangalar ya zazzage lakar daidai inda ya haƙo ta, ya bi da ƙafa ya daddanna. Ya soka gorarsa sau ɗaya, ya duba tsagar da laka ta kai, ya fito. Masu kwanduna suka watse. Da daddare Inna ta aiko mini da tuwo kamar kullum, amma kwana uku ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba.

Katafila ba ta zo ba a wannan rani. Aka ce tana wajen aikin hanya a Guri. Baɗi aka ce ta lalace ana jiran kayan gyara. Kafin rani na uku an yi wa injiniya canjin wurin aiki. Ranar da zai tafi ya kira ni, ya ɗora yatsa a kan layin nan biyu da ya ja, ya ce in riƙa tunatarwa, ran aikin ke nan. Na tunatar. Na rubuta takarda, na sake rubutawa, fayil ya yi ta yawo daga tebur zuwa tebur har bangonsa ya yage. Duk wanda na je wa sai ya ce ai wurin lafiya lau yake, jiya ma ya kai yara. Gaskiya ne, daga sama lafiya lau yake. Ragar ƙarfen ta toshe da leda, daga baya ma wani ya cire ta ya tafi da ita. Ƙananan ramukan suka cike suka zama filin ƙwallo. Kacala, doguwar ciyawar nan da ta addabi fadamunmu, ta sami gindin zama ta fara cin ruwan daga gefe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ina da ikon zuwa in ce a cire allon, ko in kau da kai a riƙa ɗiba. Na san haka tun rani na biyu. Amma cire allon yana nufin in tsaya a gaban mutanen da suka ga abin da na yi wa ubana in ce na yi kuskure. Na zaɓi in ci gaba da rubuta takarda.

A unguwa kuwa kowa ya kama gabansa. Masu hali suka rushe katangun ƙasa suka sa bulo. Marasa hali suka bar nasu suna zaizayewa. Baba ya riƙa neman laka a wani wuri. Ta fadama gonakin shinkafar mutane ne, ba a haƙa. Ta tudu kuwa rairayi ce, ba ta da danƙo, ko an yaɓa ruwan farko ke tafiya da ita. Sai ya yi tafiya mai nisa shi da jakin da ya tsufa tare da shi kafin ya samo mangala biyu masu kirki, abin da dā yake samu a bayan ɗaki. Na ce ya bari in sa a yi wa zauren shafen siminti. Ya ce siminti da ƙasa ba sa zaman aure, ruwa zai shiga tsakaninsu ya raba. Yaɓen zauren ya riƙa sirancewa shekara bayan shekara, har aka fara ganin kawunan tubali a gindin bango. Kuma kowane ƙarshen rani, sai ya je ya tsaya a bayan waya, ya zura gorarsa ya auna, ya dawo bai ce wa kowa komai ba. Ni ma ban taɓa tambayarsa abin da gorar ta nuna ba.

A damina ta huɗu, cikin marka, aka tashi da ruwa tun hantsi. Ba wani ruwan a zo a gani ba ne, mun sha ganin wanda ya fi shi. Amma ramin da dā yake shanye mutum tsaye har da ɗaga hannu, yanzu iyakarsa gwiwa. Kafin azahar ya cika ya tumbatsa, ya haye bencina, lambatun nan uku suka juyo da ruwa baya. Ina tsaye a tsakar gidanmu na ga abin da ban taɓa gani ba, ruwa yana shigowa ta wuriya, ƙofar da aka yi masa don fita. Baƙi ƙirin, da leda da kashin awaki da duk ƙazantar da muka yi alfaharin tacewa. Muka toshe da buhunan yashi, ya ɓullo ta zaure. Muka kwashe mata da yara da abin da ya ɗauku zuwa makarantar firamare da ke kan tudu.

Ruwan ya kwana biyu a cikin gida. Ginin ƙasa ba ya tsoron ruwan sama kamar yadda yake tsoron na ƙasa, daga ƙafa yake mutuwa. A rana ta biyu da safe ni da ƙannena muna cikin zaure muna ɗaga buhunan gero, Baba ya shigo, ya dafa bango, ya kasa kunne. Ya ce kowa ya fita, a bar geron. Shi ya fito a ƙarshe, da buzunsa a kafaɗa da gorarsa a hannu. Muka tsaya a tsallaken lungu cikin ruwa. Mun fi rabin sa'a a tsaye, har na fara cewa a raina tsoho ya tsorata ne kawai. Sai azara ta yi ƙara, bangon gabas ya zame daga ƙasa, zauren ya durƙusa a hankali kamar raƙumi. Ko ƙura bai tayar ba, don komai a jiƙe yake.

Gidaje da dama sun faɗi a layinmu a wannan mako. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, kuma kowa ya riƙa faɗin haka, ni ma na faɗa. Amma na tsaya na ga ruwa yana janyewa yana tafiya da zauren kakana kaɗan-kaɗan, baƙin ruwa mai kauri yana bin lungu yana gangarawa inda ya saba kai ajiya. Allona yana nan tsaye a bakin wurin, ruwa bai ko karkata shi ba. Tasar nan mai shuɗin baki ƙanwata ce ta tsinto ta a cikin taɓo, ta lotse. Inna ta wanke ta tana zuba wa kaji ruwa.

Bayan kwana bakwai na sami Baba a ƙarƙashin mainar ƙofar gida. Na durƙusa, na daɗe ina neman bakin zaren, na ce, "Baba, ni na jawo wannan." Na so ya zage ni. Wallahi na so ya ɗaga gorar nan ya sauke mini a gadon baya, da na sami sauƙi. Ya ce, "Aikinka ka yi, Ma'aikaci." Ya ci gaba da jan carbinsa. Na ce zan nemo laka ko daga ina ne a sake gina zauren yadda yake. Ya buɗe tafin hannayensa ya duba, sun fara rawa a lokacin, ya ce bakan gizo huɗu ba aikin mai wannan hannu ba ne, kuma duk cikinmu ba wanda ya tsaya ya koya. Ya ce in gina da abin da na sani.

Na gina da bulo, na rufa da kwano, na yi masa fenti. Na sa an ɗaga dandamalinsa yadda ruwa ba zai hau ba. Kowa ya ce ya fi na dā kyau, ban da waɗanda suka zauna a ciki da rana. Baba yakan ratsa ta cikinsa ya shiga gida, ya ratsa ya fita, amma ban taɓa ganin ya shimfiɗa buzunsa a ciki ba, ban taɓa ganin ya jingina da bangon ba. Ɗaurin auren ƙanwata ma a waje aka yi, a gindin maina. Jakin ya mutu a ranin da ya biyo baya, ba a sayi wani ba. Mangalar tana rataye har gara ta cinye ta.

Wurin shaƙatawa kuwa ya koma abin da yake kafin mu taɓa shi, har ya fi. Aka sace wayar, lilo ya karye, kacala ta rufe ruwan ruf. Allon ma wani ya cire ya yi wa akurkin awakinsa ƙofa, nakan gan shi idan na wuce, jan fentin bai koɗe ba. Kowace damina ruwa ya shigo lungu, sai dai yanzu yawancin katangun bulo ne, ba sa faɗuwa, sai dai mutane su kwana a kan tebur.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in wasu baƙi masana suka zo nazarin ruwan kogi da fadamu, aka zaga da su cikin gari, aka yi taro na wuni biyu da shayi da biskit. Ina zaune a baya ina rubuta abin da ake faɗa. Da aka zo kan kududdufinmu, wani daga cikinsu ya yi dogon bayani cewa dogaro da inji kuskure ne, abin da ya dace shi ne a jawo mutanen unguwa su riƙa kwashe lakar da kansu kowane rani, su yi amfani da ita. Aka tafa masa. Maigidana a ofis ya juyo ya ce, tunda ni ɗan unguwar ne, in tsara sanarwar da za a yi wa jama'a. Na tsara. Ita ma da hannuna.

Ranar da motar sanarwa ta shigo layinmu, bayan la'asar ne, ina zaune kusa da Baba a gindin maina. Ya tsufa ƙwarai a lokacin, kunnensa ya yi nauyi. Motar ta tsaya daidai ƙofar gidanmu, lasifika tana ta amsa-kuwwa da kalmomina, ana kira ga jama'a masu kishin unguwa su fito ranar Asabar. Yara suka bi ta a guje. Baba ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya karkato da kunnensa wajena ya tambayi abin da suke cewa.

Na yi kamar ban ji ba. Ya sake tambaya. Dole na matso bakina kusa da kunnensa, na ɗaga murya yadda duk wanda ke lungun zai ji, na ce, "Wai an ba da izini. Kowa ya je ya ɗebi ƙasa."

Ya juya ya dubi zauren bulo, ya dubi katangar maƙwabcinmu ta bulo, da ta gaba da ita, har ƙarshen layi. Sannan ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba a gaban mutane.

Ya ce, "A kai ta ina?"